Ina Sauran Tera Biyun? Bayani Daga Ofishin Sakatare

 

A taronmu na ƙarshen wata an yi mana wata tambaya da ba mu samu damar amsa ta yadda ya kamata ba, saboda lokaci ya ƙure kuma hadari ya haɗo. Bayan ma'aji ya gama karanta rahoton kuɗi, wani dattijonmu ya miƙe ya ce: "Sakatare, a takarda kun rubuta cewa kun sayo faifan ajiya mai tera huɗu. Jikana ya leƙa kwamfutar ofis kwanakin baya, ya ce tera biyu ya gani. Ina sauran biyun?" Zauren ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiya ya san ma'anar irin wannan shirun. Babu wanda ya ce an ci kuɗi, amma kowa ya ji maganar a ransa. Muka ce masa, "Baba, jikanka bai yi ƙarya ba, rahoton ma'aji kuma daidai yake. A ba mu lokaci mu rubuto bayani." To ga bayanin. Yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, domin zai amfani duk mai makaranta, ko shagon buga takardu, ko sana'ar ɗaukar bidiyo da ke aiki da tsohuwar kwamfuta.

Bari mu fara da abin da ya kai mu ga sayen faifan. Waɗanda suka daɗe a ƙungiya suna tune da cewa a watan Afrilun 2011, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓe, wutar da ta cinye kasuwar Kafanchan ta haɗa da shagon wani ɗan uwanmu inda muke ajiye akwatin takardunmu. Littattafan minti guda biyu na shekarun farko, da rajistar mambobi ta asali, da hotunan waɗanda suka kafa ƙungiyar, duk suka tafi. Har yau idan gardama ta tashi kan wata shawara da aka yanke a wancan zamani, sai dai mu dogara da abin da wani ya iya tunawa. Tun daga nan aka amince cewa duk abin da ya rage mana, da wanda za mu tara nan gaba, a riƙa mayar da shi cikin kwamfuta.

Abin da muka tara ba kaɗan ba ne. Akwai bidiyon tarukan shekara-shekara, akwai tsofaffin kaset-kaset da mambobi suka kawo aka juye, akwai hotuna da takardun da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Mafi daraja a cikinsu ita ce hirar da muka yi da dattawa. Kowa ya san jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Iyayenmu da yawa a reluwe suka yi aiki har suka yi ritaya. Mun zauna da tsofaffin ma'aikata 11 mun ɗauki maganarsu a bidiyo, kuma 4 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Bidiyo kuwa akwai cin wuri. A tsarin DV da mai bidiyonmu ke juye kaset da shi, awa ɗaya tana cin kusan giga 13. Da muka lissafa abin da ke warwatse a filas-filas, da fayafayan CD, da wayoyin mutane, muka ga ya doshi tera uku, ga shi kullum ƙaruwa yake. Tera ɗaya giga dubu ce. Shi ya sa kwamiti ya amince a sayo mai tera huɗu.

Kwamfutar ofis kyauta ce daga wani ɗan uwanmu da ke aiki a Kaduna. Ta tebur ce, ƙirar wajajen 2009, Windows 7 ke kanta, da ɗan ƙaramin faifanta na ciki mai giga 250, wato abin da masu gyara ke kira had disk. Tana aiki lafiya, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Da muka sayo sabon faifan daga Jos muka jona shi a cikinta, Windows ta fito da wani ɗan akwati tana tambaya mu zaɓi ɗaya cikin biyu: MBR ko GPT. An riga an ɗiga alama a kan MBR. Ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba mu tambayi kowa ba, muka danna amincewa. Daga nan matsalar ta samo asali, kuma laifin namu ne, mu da muka danna.

Da aka gama, sai faifan ya bayyana gida biyu. Gida na farko giga 2,048, ana iya zuba kaya a ciki. Gida na biyu giga 1,678, da baƙin layi a samansa, kana ganinsa amma duk inda ka danna ba ya amsawa. Jikan Baba gida na farko ya gani. Mu kanmu da farko mun ɗauka mai shagon ne ya cuce mu, har muka buga masa waya muka faɗa masa maganganun da daga baya muka koma muka ba shi haƙuri a kansu. Tun da gidan farko yana aiki, muka ci gaba da zuba kaya a ciki, muna cewa a duba sauran daga baya.

Wanda ya warware mana abin wani ɗanmu ne, ɗan wata mamba, da ke karatun kwamfuta a Zariya, ya zo hutu. Ya fara da ƙaramin lissafi. Idan aka haɗa 2,048 da 1,678 za a samu 3,726, ba 4,000 ba. Ya ce wannan ba komai ba ne, bambancin mudu ne. Kamfanin da ya ƙera faifan yana ƙirga dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirga 1,024-1,024, don haka adadin yake fitowa ƙasa. Wanda ya auni masara a kasuwa mai babban mudu zai samu ƙirga ƙasa da ta wanda ya auna da ƙarami, amma buhun bai ragu ba. Ke nan faifan cikakke ne, mai shago bai taɓa komai ba.

Sai muka tambaye shi, to me ya kulle giga 1,678? Ya ce, "Kawu, miƙo mini rajistar mambobi." Muka miƙa masa. Ya nuna layin da ake rubuta lambar mamba, wanda aka buga shi da ƙananan akwatuna uku. Ya ce, "Ranar da mutum na 1,000 ya zo yin rajista, ina za ka rubuta lambarsa?" Muka ce babu wuri, 999 ce ƙarshe. Ya ce to zauren taro zai iya ɗaukar mutumin, kujera ma akwai, littafin ne ba shi da gurbin lambarsa. Haka abin yake a faifanmu.

Ga yadda ya bayyana mana. Kowane faifai an yanka shi ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, kuma kowanne da lambarsa. Gurbi na farko shi ne shafin farko na littafin, inda ake rubuta yadda aka raba faifan: ɓangare kaza ya fara daga lamba kaza, tsawonsa kaza. Rabon nan shi masu gyara ke kira fatishin. Tsarin MBR tsoho ne, ya fito a 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM, a zamanin da kwamfutar IBM XT ke zuwa da faifai mai megabayit 10. Faifanmu ya ninka wancan sau 400,000. A cikin wannan shafi na farko, bayit 64 kacal aka ware wa jadawalin rabo, layi huɗu, kowane layi bayit 16. Shi ya sa MBR ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu, sai an yi dabarar cusa ƙanana a cikin ɗayansu. Akwatunan lamba kuma 32 ne, irin na kwamfuta da ba sa ɗaukar komai sai sifili ko ɗaya. Mafi yawan gurabun da za su iya ƙirgawa su ne 4,294,967,296. Idan ka ninka wannan da 512, za ka samu bayit 2,199,023,255,552, wanda a mudun Windows shi ne giga 2,048 daidai. Duk abin da ya wuce nan, MBR ba shi da lambar da zai kira shi da ita. Waɗanda suka tsara shi ba su yi ganganci ba, a zamaninsu iyakar ta yi nisan da babu mai tunanin za a kai ta. An kai ta a 2010, lokacin da fayafayai masu tera uku suka shigo kasuwa, mutane a ko'ina cikin duniya suka fara ƙorafin giga 746 sun maƙale musu, kamar yadda 1,678 suka maƙale mana.

Zaɓi na biyu da muka tsallake, wato GPT, shi ne maganin wannan. Kamfanin Intel ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Akwatunan lambarsa 64 ne, don haka babu faifan da ake sayarwa yau da ya kusa iyakarsa. A Windows yana ɗaukar ɓangarori har 128. Abin da ya fi burge mu a matsayinmu na masu riƙe takardu shi ne yana ajiye jadawalin rabon a wuri biyu, ɗaya a farkon faifai, ɗaya a ƙarshe, tare da wata lambar tantancewa da ke nuna idan wani abu ya lalace a ciki. Idan na gaba ya samu matsala, ana iya gyara shi daga na baya. Kuma waɗanda suka tsara shi ba su manta da tsofaffin na'urori ba. Sun bar shafin farko na MBR a wurinsa, suka rubuta layi ɗaya a ciki da ke cewa faifan a cike yake da wani irin ɓangare na daban. Tsohuwar manhajar da ba ta san GPT ba, idan ta duba, ba za ta ɗauka fili ne babu mai shi ta hau gini ba. Kamar dai rubutun da muke gani a bangon gidaje ne, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Muka ce to shi ke nan, a mayar da komai GPT, har Windows ɗin ma a ɗauke ta daga ƙaramin faifai a kai ta babba, a huta. Ya ce a nan ne tsufan kwamfutarmu ya shigo. A cikin kowace kwamfuta akwai wata manhaja da aka dasa a jikin allonta, ita ke fara farkawa idan an kunna, ta duba kayan aiki, sannan ta nemo Windows ta tashe ta. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi UEFI, wadda ta zama ruwan dare daga zamanin Windows 8 a 2012. Abin da BIOS ta sani shi ne ta je gurbin farko na faifai ta karanta ɗan umarnin da ke ciki ta bi shi. Kamfanin Microsoft kuwa ya tsara cewa Windows ba za ta tashi daga faifan GPT ba sai a kan UEFI. Tamu BIOS zalla ce. Da mun kai Windows kan faifan GPT, da kwamfutar ta kunnu ta tsaya da baƙin allo. Mu 'yan Kafanchan ba sai an wahala wajen fahimtar da mu wannan ba. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tafiya kan layi mai faɗin milimita 1,435, layin da ya ratsa garinmu kuma 1,067 ne. Dukansu jiragen ƙasa ne, amma wancan ba zai hau namu ba.

Sai dai tashi daban, karatu daban. BIOS aikinta ya ƙare da zarar Windows ta tashi. Daga nan Windows ce ke magana da fayafayai da kanta, kuma tun daga Windows Vista tana iya karanta faifan GPT ta rubuta a kansa a matsayin ma'ajiya, ko da a kan kwamfuta mai BIOS ne. Windows XP da aka saba gani a shaguna ce ba ta iyawa.

Kwamiti ya zauna a kan hanyoyi huɗu. Ta farko, a sayi sabuwar kwamfuta. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya rufe, ba sai ya yi magana ba. Ta biyu, a bar Windows a koma Linux, domin manhajarta ta tayarwa mai suna GRUB tana iya tashi daga faifan GPT a kan BIOS, muddin an ware mata ɗan ɓangare na megabayit ɗaya. Hanya ce mai kyau kuma kyauta, amma mataimakiyar sakatare da ke buga mana wasiƙu ta ce ita da Windows ta saba, kuma ɗanmu zai koma makaranta ya bar mu da abin da ba mu iya ba. Ta uku ita ce wadda ta fi jan hankalin matasan kwamiti: a yi wa faifan jadawali biyu a lokaci guda, na GPT cikakke, da na MBR da ke nuna ɓangarori har uku daga ciki, don tsohuwar na'ura ta karanta wannan, sabuwa ta karanta wancan. Ana yin haka, kamfanin Apple ma ya yi amfani da dabarar daga 2006 don Windows ta hau kwamfutocinsa. Amma ɗanmu ya ce haɗarinta shi ne ranar da wani ya canza girman ɓangare a jadawali ɗaya, ɗayan bai sani ba, sai wata manhaja ta rubuta sabon kaya a kan tsoho tana ganin fili ne. Da jin haka muka ce mu dai ba da mu ba. Wannan ƙungiya ta taɓa riƙe littafin kuɗi biyu, ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin sakataren kuɗi, kuma dattawa suna tune da irin zaman da aka sha kafin a daidaita su.

Hanya ta huɗu muka ɗauka, kuma ita ce mafi sauƙi. Ƙaramin faifai mai giga 250 ya zauna yadda yake, da MBR ɗinsa da Windows ɗinsa, tun da shi BIOS ta sani. Babban faifai ya koma GPT, aikinsa ajiya kawai. Ba a sayi komai ba, ba a jefar da komai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda hankalinmu ya tashi shi ne wajen juyawar. Mun riga mun zuba kusan giga 1,400 a gidan farko. Filas-filas da yawa mun mayar wa masu su, sun goge sun ci gaba da harkarsu. Mai bidiyonmu ma ya goge faifan da ya kawo mana hirarrakin dattawa a kai, ya zuba aikin biki. Ma'ana, hirar awa uku da muka yi da tsohon direban jirgin da ya rasu bara, inda ya ba da labarin zamanin injin kwal da yadda ake hawa tudun Jos, ba ta ko'ina a duniya sai a kan wannan faifai. Wani ɗan kwamiti da ya ɗan san kwamfuta ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya buɗe Disk Management ya nuna mana wurin da aka rubuta a juya zuwa GPT. Rubutun ya dushe, ba ya dannuwa. Ya ce sai an cire ɓangaren da ke kai tukuna, ya kai maus kan umarnin cirewa. Ɗanmu ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaya, dakata! Idan ka danna wannan, duk abin da ke ciki ya fita daga rajista." Gaskiya ne Windows ba ta juya faifai ta wannan hanya sai babu ɓangare ko ɗaya a kansa. Mun tashi daga zaman nan jikinmu a sanyaye.

Ɗanmu ya ce akwai manhaja mai suna gdisk da ke juya MBR zuwa GPT ba tare da taɓa kayan ciki ba, amma ba zai taɓa faifan ba sai an kwafe komai zuwa wani wuri, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko ya yi kuskuren harafi ɗaya, ba shi da abin da zai gaya wa iyalan marigayin. Muka aro faifan waje mai tera uku daga mai bidiyo. Ramin USB na tsohuwar kwamfuta ba ya wuce kusan megabayit 30 a daƙiƙa, don haka kwafin ya ci wajen awa 13, muka raba shi yammaci uku, rabi da wutar gari rabi da janareto. Da aka gama muka gwada yawan fayiloli a ɓangarorin biyu, muka buɗe bidiyo daga farko da tsakiya da ƙarshe muka gani da idonmu. Sannan ya tayar da kwamfutar da Linux daga filas, ya yi juyin. Bai ci minti ɗaya ba. Ma'aji ya ce yanzu saboda aikin minti ɗaya muka ƙona man kwana uku? Muka ce a rubuta shi a littafi, za mu kare shi a gaban taro. Da aka sake kunna Windows, kayanmu suna nan yadda muka bar su, baƙin layin nan kuma ya amsa. Muka raba giga 1,678 gida biyu: 300 na takardu da hotuna, sauran na sababbin ɗauka.

Faifan aron nan ma ya koya mana wani abu. Mun lura MBR ne a kansa, amma yana nuna tera ukunsa cif. Yaya aka yi? Ashe dabarar tana cikin kwanson da aka saka shi. Wasu kamfanoni sun sa kwanson ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa kowane gurbi bayit 4,096 ne maimakon 512, sai iyakar MBR ta ninka sau takwas ta haura tera 17, har Windows XP ta iya aiki da shi. Mai bidiyon ya ce ya taɓa fasa irin wannan kwanso ya jona faifan kai tsaye cikin kwamfuta, sai ta ce faifan babu komai, a yi masa fomatin. Allah ya taimake shi bai danna ba, ya mayar da shi kwansonsa, aikin mutane ya dawo. Lambobin da ke jadawalin an rubuta su ne da babban mudu, aka zo ana karanta su da ƙarami.

Haka kuma talabijin ɗin zauren taro da muke nuna bidiyo a kai tsohuwa ce, ba ta gane GPT. Ita ma ba mu takura mata ba. Mun ware mata filas mai giga 32 da MBR da tsarin FAT32 da ta sani. Tsarin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, don haka duk bidiyon da za a nuna sai a rage nauyinsa ko a yanka shi kashi-kashi a zuba mata.

Ga 'yan uwa masu irin wannan aiki, ga abin da muka koya:

1. Idan faifai ya wuce tera biyu, a zaɓi GPT tun ranar farko, kafin a zuba komai.

2. Idan kwamfutar tsohuwa ce, a bar Windows a kan ƙaramin faifai mai MBR, babba ya zama na ajiya. A Windows 8 zuwa sama, idan aka buɗe msinfo32 akwai layin da ke nuna ko UEFI ce ko Legacy, wato tsohon tsari.

3. Idan faifan ya nuna giga 746 ko 1,678 kawai a matsayin girmansa gaba ɗaya, kada a zuba komai. Manhajar da ke haɗa Windows da faifai, wadda masu gyara ke kira direba, ita ce ta tsufa, a sabunta ta tukuna.

4. Duk lokacin da kwamfuta ta ce a yi wa faifai fomatin alhali kun san akwai kaya a ciki, a ce a'a, a cire shi, a nemi wanda ya sani.

5. Kada a juya jadawalin faifai sai akwai kwafi a wani wuri da aka buɗe aka tabbatar.

Akwai gaskiyar da dole mu faɗa. Raba faifai gida uku bai sa ya zama fayafayai uku ba. Inji ɗaya ne ke juyawa a ciki, ranar da ya tsaya duk gidajen sun rufe tare. Faifan aro mun roƙi mai shi ya bar mana kwafin zuwa ƙarshen wata mai zuwa, bayan nan zai karɓi abinsa, mu koma da kwafi ɗaya tak a ɗaki ɗaya, kamar yadda akwatinmu yake a shago ɗaya a 2011. Saboda haka kwamiti zai kawo wa taro buƙatar sayen faifai na biyu, wanda za a riƙa sabunta shi duk wata uku, a ajiye shi a hannun wani amintacce a wajen gari, Kagoro ko Zonkwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kuma kwamfutar mun cire ta daga intanet, tun da Microsoft ya daina kula da tsaron Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Ranar da Allah ya hore mana sabuwa, wadda dole UEFI ce tun da Windows 11 ba ta hawa sai da ita, babban faifan zai koma cikinta yadda yake, ba sai an sake masa komai ba.

Duk wannan mun rubuta shi a littafin minti, mun kuma manna takarda a cikin murfin kwamfutar da ke cewa wane faifai ne MBR, wane ne GPT, da gargaɗin kada a goge ko a juya ko ɗaya sai da sanin kwamiti. Sakataren da zai gaje mu ba sai ya yi irin kuskurenmu ba.

Baba, muna godiya da tambayarka, haƙƙinka ne ka yi ta, kuma da ba ka yi ba da wannan bayani bai fito ba. A taro mai zuwa rasit da kwalin faifan za su kasance a kan tebur, kwamfutar kuma a kunne. Muna roƙon ka zo da jikan naka ya duba da kansa ya gaya wa jama'a abin da ya gani. Masu tsofaffin kaset ko hotunan iyayenmu na zamanin reluwe, a kawo su ofis ranar Asabar daga ƙarfe 10 na safe, yanzu akwai wurin zuba su. Za a juye a mayar wa kowa da abinsa.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya a Kafanchan da kudancin Kaduna baki ɗaya.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.